Yadda Ovide Ya Mai da Maƙabarta Tashar Jirgi

Ƙanena Ovide Surette ya taɓa riƙe wa masu awon ƙasa sanda na mako uku, shekara arba'in da suka wuce, kafin su sallame shi, saboda sandar ba ta tsayawa wuri ɗaya in yana magana, shi kuma ba ya daina magana. Tun daga lokacin yake amsa sunan Injiniya. Aikinsa na gaskiya tuƙin motar makaranta ne, shekara talatin da ɗaya, amma in ka tuna masa sai ya ce ai wannan sashen sufuri ne na injiniyanci. Ni ce Edesse, babbar yayarsa. Ni na goya shi, don haka kada wani ya ce sharri nake masa.

Kowace Talata da hantsi mukan taru a ɗakin karatu na garinmu Anse-Grise, da yake bakin teku, mu yi aikin taswirar gayya, wadda take cikin intanet, kowa a duniya yana iya sa mata hannu. Malama Zélica Comeau mai kula da ɗakin ce ta koya mana. Ka zana abu, sannan ka liƙa masa lakabi daga cikin waɗanda aka yarda da su: wannan hanya ce, wannan gada, wannan rijiya. Mu shida ne, duk 'yan fansho, kuma rabinmu gasasshen dankali da kazar da Zélica take yi ne yake kawo mu.

Baba Anselme Melanson ma yana zuwa, amma bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Shekararsa tamanin da huɗu, sittin daga ciki a kan teku ya yi su yana kamun ƙaguwa. Yakan zauna bakin taga, in mun zana dutse inda ba ya nan ya ce, "Matsar da shi." Matarsa Philomène tana kwance a layin farko na maƙabarta, taku uku daga katangar da ta raba kaburbura da teku. Guguwar bara ta huda katangar, daidai saitin kabarinta.

Ranar da abin ya fara, Zélica ta karanta mana takarda daga ofishin lardi. Nan da mako uku, ranar Alhamis, za su aiko jami'a ta duba katangun teku da suka lalace. Rana ɗaya tak za ta yi. Tasu taswirar ta tsufa, saboda haka daga tamu za su kwashi jerin, kuma abin da yake ɗauke da lakabin katangar teku kaɗai za ta duba. Abin da bai shiga jeri ba sai zagaye na gaba, bayan shekara uku.

"Katangar maƙabarta ba za ta ga ƙarshen hunturun bana ba," in ji Baba Anselme, idonsa a taga.

"Lakabinta daidai yake, Baba," in ji Zélica. "Da hannuna na sa shi. Kowa dai ya ƙyale gaɓar teku yadda take har a kwashi jerin."

Da Ovide ba ya ɗakin, da magana ta ƙare a nan. Sai ya miƙe, ya gyara zaman hular kwanon da ba ya rabuwa da ita sai a ƙofar coci.

"Malama, manyan baƙi za su kalli gaɓarmu, ki ce a bar ta haka? Na duba ta jiya, aikin 'yan koyo ne. Zan gyara ta kaf, daga fitilar jirage har bakin rafi, kafin ku gama suɗe kwanon nan."

"Ovide, zauna," na ce.

"Yaya, ke wasiƙu kika raba shekara talatin a gidan waya. Me kika sani game da gine-ginen ruwa?"

"Na san ba su taɓa aiko maka da takardar ɗaukar aiki ba."

Abin ba shi da wuya, in dai mutum ba injiniya ba ne. Katanga tana bin gaɓa, ta hana teku cin ƙasa. Makaryar igiyar ruwa tana kutsawa cikin teku ta kare jirage, tamu kuwa Tsohuwa muke ce mata. Sai gajerun layukan duwatsu masu tare yashi, waɗanda tun kakanni muke kira zangarniya a Faransancinmu, kowace da sunan matar gidan da ya fi kusa da ita: Zangarniyar Zélica, Zangarniyar Ozite, Zangarniyar Edesse. Karnukan garin ma sun san bambancin.

Ovide ya tafi gida ya shiga taswira da sunan da ya raɗa wa kansa, Babban Injiniya. Washegari da yamma ya zo gidana shan shayi yana washe baki.

"Tsohuwa ta zama hanya," ya ce.

"Wa ya zuba mata kwalta?"

"Duk abin da mota ta hau hanya ce. Ni na hau ta da mota a tamanin da tara."

"Ka hau. Tarakta ce ta sauko da kai."

"Hawa dai na hau. Katangar maƙabarta kuma ta zama tashar jirgin ruwa."

Na ajiye kofi. "Maimaita, ban ji ba."

"Akwai zoben ƙarfe a jikinta, da idona na gani. Zobe na ɗaure jirgi ne. Kuma Yaya, iyayenmu suna kwance a wurin nan. Katanga ai ta zagaye kaji ce. Kina so baƙi su ce iyayenmu bayan katanga suke kamar fursunoni?"

"Zoben nan dokin Fadan coci ake ɗaurewa a jiki zamanin kakarmu. Kuma ta gefen gari yake, ba ta gefen ruwa ba."

"Doki ma ai abin sufuri ne."

Na kira Zélica a waya tun yana zaune. Ta buɗe taswira za ta gyara, sai ta tarar wani ya riga ta. Wani bawan Allah ne a Finland, can ƙetaren teku a Turai, mai suna Jukka, wanda da alama ba shi da aiki sai gadin gaɓar tekunan duniya. Ya bar saƙo cikin ladabi: "Sannu da ƙoƙari, abokin aiki. A hoton sama wannan ta fi kama da katanga, domin akwai kaburbura a bayanta. Na mayar da lakabin yadda yake. Na gode."

Ovide ya juya shi, ya rubuta: "Ni injiniya ne, a nan aka haife ni. Kai ka taɓa jin warin tekunmu?"

Jukka ya mayar, ya ce ya gode. Ovide ya juya. Zélica ta mayar. Ovide ya juya. Cikin kwana uku katangar nan ta zama tasha sau tara, katanga sau takwas. Matattunmu ba su taɓa yin zirga-zirga irin ta wannan makon ba. A kantin gari Ovide yana jingine da kanta yana gaya wa duk wanda ya shigo sayen madara cewa yaƙi yake da Turai shi kaɗai.

To, taswirar gayya tana da al'adarta. In aka yi ta ja-in-ja a kan abu ɗaya, masu sa ido sukan kulle shi yadda suka same shi, a tattauna wata guda, sannan a kaɗa ƙuri'a. Sun zo kullewa minti huɗu bayan juyin Ovide na tara. Suka kulle gaɓar gaba ɗaya, daga fitila har bakin rafi, da duk abin da ya shuka a kanta.

"Turai ta miƙa wuya," in ji Ovide.

Litinin garin ya wayi gari babu burodi. Mai kawo shi sabon direba ne, wayarsa ta ce masa gajeriyar hanya tana kan Tsohuwa. Ya kai tsakiya kafin ya lura ruwa ne dama, ruwa ne hagu, ya yi awa biyu yana komawa da baya, masunta suna tsaye suna ba shi shawara iri shida a lokaci guda. Da ya sauko ya ce wayar cewa take ya miƙe ya tsallaka zuwa tashar jirgi. Zélica ta duba. Ashe hannun Injiniya ya zame wurin zane, ƙarshen Tsohuwa ya manne da katangar maƙabarta, layi ɗaya santal a kan ruwa mai faɗin mita sittin.

"Wannan fa?" ta tambaye shi.

"Tsari ne na gaba. Gada za a yi."

Laraba Baba Anselme yana durƙushe yana cire ciyawa a kan kabarin Philomène, sai igiyar ɗaure jirgi ta faɗo masa a kafaɗa. Ya ɗaga kai. Farin jirgin shaƙatawa ne, mata da miji daga Boston, da baƙin tabarau.

"Tsoho, ɗaure mana. Nan ce tashar, ko? Kwana ɗaya za mu yi mu wuce."

Baba Anselme ya naɗe igiyar a hankali, ya jefa musu abarsu. "Duk wanda ya sauka a tashar nan bai wuce ba tukuna," ya ce.

Sai a lokacin matar ta cire tabarau ta ga gicciye a jere. Ba su ko tsaya godiya ba.

Duk wannan somin taɓi ne. Asabar da safe mata bakwai suka shigo ɗakin karatu a jere, Inna Ozite Belliveau a gaba, da shekararta casa'in da lemarta. Jikarta ce ta bugo mata waya daga birni tana dariya har numfashinta yana ɗaukewa. Ashe Ovide ya ga baƙuwar da za ta zo Turanci take ji, saboda haka ya fassara sunayen zangarniyoyinmu. Turancinsa na direban mota ne. Ya buɗe ƙamus, ya sami kalmar da Turawa suke kiran irin wannan layin duwatsu, ya kwafe ta. Bai karanta layi na biyu ba, inda aka ce ita ce kuma kalmar matsematsi. Don nuna ƙwarewa har da ƙarin bayani a ƙarƙashin kowace.

Aka aika aka kira shi. Zélica ta sa tabarau ta karanta da ƙarfi, muryarta ba ta ko rawa.

"Matsematsin Ozite. Ya zaizaye, yana buƙatar gyara cikin gaggawa."

"Ni?" in ji Inna Ozite.

"Matsematsin Zélica. Yana tara yashi da tarkace."

Ta ɗago ta kalle shi ta saman tabarau, ta ci gaba.

"Matsematsin Edesse. Tsoho ne ƙwarai, amma yana nan daram."

"Yaya, naki ai yabo ne," in ji Ovide.

"Duniya duka tana karanta wannan?" Inna Ozite ta tambaya.

"Har Finland, Inna," in ji Zélica. "Kuma a kulle yake sai wata ya cika."

"Kalmar kimiyya ce, Inna," in ji Ovide yana ja da baya. "Mu a fanninmu ba ma jin kunyar..."

Ranar hular kwano ta yi amfani a karon farko. Lemar ce ta karye.

Mun yi dariya, ba zan ɓoye ba, har ni da aka ce tsohuwa ce ƙwarai. Dariyar ta ƙare ranar Litinin, da kwafin jerin ya iso daga ofishin lardi. Katanga biyu ce a ciki, ta bayan makaranta da ta bakin rafi, dukansu lafiyarsu ƙalau. Ta maƙabarta ba ta ciki. Zélica ta buga waya sau huɗu. Amsar ɗaya ce: an rufe jeri, tashoshin jirgi kuma na wani ofishi ne daban, a rubuta musu, suna amsawa cikin wata takwas.

Baba Anselme ya karɓi takardar ya riƙe ta nesa da ido, ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya juya bayanta ko akwai saura. Ya miƙa wa Zélica.

"Shekara hamsin da biyar Philomène tana tsoron teku ta cinye ni," ya ce. "Ashe ita za ta ci."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Ranar na ji kunyar zama yayar Ovide, kunya ta gaske, irin wadda take hana mutum haɗa ido da maƙwabci. Na juyo zan wanke shi tas, sai na ga ya riga ya miƙe yana gyara hula.

"Ƙaramar matsala ce. Jami'ar nan 'yar'uwata ce a sana'a. Ni zan tarbe ta in kawo ta maƙabarta da kaina. Injiniya da injiniya, magana biyu ta ishe mu. Ku dai ku jira mu a can."

Ba mu da wata dabara, shi ya sa muka yarda. Daga ofishin gari zuwa maƙabarta tafiyar minti uku ce, hanya ɗaya, kuma ya bi ta da motar makaranta sau dubbai. Na zauna na yi lissafin ta inda zai ɓata wannan, ban samu ba. Laifina ne, na raina shi.

Alhamis da ƙarfe goma rabin gari yana maƙabarta: Fada, matan zangarniya bakwai, tsofaffin masunta, Zélica da kwanon dankali na baƙuwa. Teku ta fara cikowa. Muka hango shuɗiyar motar Ovide ta taho, ta iso mararraba, ta rage gudu, ta ɗan yi jim. Sai ta karya dama ta hau Tsohuwa.

"Ina zai kai 'yar mutane?" in ji Inna Ozite.

Abin da ya faru cikin motar daga bakin jami'ar na ji shi daga baya, a kicin ɗina, ƙafafunta cikin ruwan ɗumi. Sunanta Madam Harriet MacIsaac, doguwa, mai ƙarancin magana. Ovide ya tarbe ta da rigar ma'aikata mai ƙyalli, ya ce shi ne injiniyan gari, ta bar motarta ta shiga tasa. Suna tashi ya manna waya a gaban sitiyari.

"Ranki ya daɗe, muryar nan da za ki ji, aikina take karantawa. Ni na zana gaɓar nan da hannuna. Ba ta taɓa kuskure ba, Turai ma ta gwada ta haƙura."

A mararraba muryar ta ce, "Juya dama."

Madam MacIsaac ta ce ta ga gumi ya tsattsafo masa a wuya. Ya kalli hagu, inda muke tsaye muna ɗaga masa hannu. Ya kalli wayar. Ya kalle ta. Sai ya juya dama. Mutum ne da ya gwammace ya shiga teku da ya ce wa baƙuwa ya yi kuskure.

"Wannan hanya ce?" ta tambaya da motar ta fara tsalle a kan duwatsu.

"Babbar hanya. Ba a gama ta ba ne."

Tsohuwa tana da kwari a tsakiya, inda ruwa yake fara haurawa. Sun wuce shi tayoyi suna fantsama. Suka kai ƙarshe, gindin fitilar jirage, inda ba wurin juya keke balle mota. Suna fuskantarmu, ruwa mita sittin a tsakani, muna jin komai.

"Miƙe," in ji muryar waya. "Saura mita sittin ka iso."

"Injiniya, miƙe mana," wani masunci ya ɗaga murya. "Aikinka take karantawa."

"Rangadi nake kai ta," Ovide ya amsa ta taga. "Duba na farko ke nan."

Ya sa giyar baya. Motar ta yi taku biyar, tayar baya ta faɗa tsakanin duwatsu ta zauna. Ya fito ya zagaya ta, ya tsuguna, ya miƙe, ya ce matsalar daga kamfani ce. Kafin ya gama bayani kwarin tsakiya ya ɓace cikin ruwa. Madam MacIsaac ta fito da jakarta, ta kalli gaba, ta kalli baya, ta cire takalmi ta hau dakalin simintin da fitila take kai. Ovide ya bi ta. Ruwa ya kai tayoyi, ya kai ƙofa, ya shiga ya zauna a kujerar direba.

"Miƙe," in ji muryar, sannan ta yi shiru har abada.

Jiragen gari duk sun fita kamu. Kwalekwalen Baba Anselme kaɗai ne a kan yashi gefen maƙabarta. Kowa ya juya gare shi. Shi kuwa ya samu wuri a gefen kabarin matarsa ya zauna, ya fito da lofe yana cusa taba.

"Baba, a je a ɗauko su," in ji Fada.

"Gindin fitila bai taɓa nutsewa ba tun da aka haife ni. Injin jirgina kuma ba ya son gaggawa."

"Baba, jirginka ai ba shi da inji."

"Shi ya sa."

Na kalle shi, na kalli ramin katangar, na kalli inda matar take tsaye, daidai saitinsa, ba abin da ya tare mata gani. Sai na gane. Na ce wa Zélica ta buɗe kwanon nan, baƙuwa za ta ɗan jima.

Da a ce Ovide ya kawo ta ta hanyar mutane, da ta tsaya minti biyar ta gefen gari, ta ga ɗan rami da ciyawa, ta ce ba ya cikin jeri, ta wuce. Yanzu kuwa ba ta da wurin zuwa, kuma daga gefen teku take kallo, inda ramin ya kai faɗin ƙofar gareji. Ovide yana gefenta yana ba ta tarihin aikinsa da masu awon ƙasa. Ta ce ya kai mako na biyu lokacin da ta daina jin sa.

Da sha biyu saura teku ta cika. Igiyar ruwa ta farko ta daki katangar ta koma. Ta biyu ta shiga ramin. Ta uku ta ɓullo ta cikin maƙabarta, fara fat, ta haye kabarin Philomène, ta jiƙa Baba Anselme har ƙugu, ta ɗauke kwalbar furannin da ya ajiye da safe ta fita da ita ta ramin. Bai motsa ba. Lofensa ma bai cire daga baki ba. Muka bi kwalbar da ido tana lilo a kan ruwa, har ta wuce ta gaban dakalin fitila. Na ga Madam MacIsaac ta buɗe jaka ta fito da biro.

Sai a lokacin Baba Anselme ya tashi ya tura kwalekwale.

Da ya sauke ta a kan yashi ba ta gaisa da kowa ba. Ta wuce kai tsaye zuwa ramin, ƙafa ba takalmi, ta tsuguna ta zura hannu ta jawo dutse guda kamar ana cire ruɓaɓɓen haƙori.

"Wannan ba ta cikin jerina," ta ce. "An rubuta tashar jirgi. Wane ne ya rubuta haka?"

"Wani injiniya," na ce.

Ta waiwaya ta kalli fitila, inda Ovide yake rungume da ƙarfe. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta dubi Baba Anselme, wandonsa yana ɗigar ruwa.

"Kai me kake kiranta?"

"Katanga ce."

"Kabarin wa ye wannan?"

"Na matata."

Ta juya takardar, ta rubuta da hannu a ƙasan jerin, ta ja layi biyu, ta sa hannu. Ta ce ma'aikata za su zo kafin ƙanƙara ta sauka.

Daga can muka ji murya. "Baba Anselme, saura ni."

Baba Anselme ya gama ɗaure kwalekwalensa tsaf, ya haɗa hannu a baki.

"Ai a kan hanya kake, Injiniya. Jira mota."

Awa huɗu ya yi a kan dakalin kafin ruwa ya janye. Ba wanda ya koma gida. Aka kawo kujeru. Da la'asar ya taho a kan duwatsu, wando a naɗe, hular kwano a hannu, ya tarar da mata bakwai suna jiransa a bakin Tsohuwa, Inna Ozite da sabuwar lema.

Ma'aikata sun zo a Nuwamba, sun toshe ramin, sun ƙara wa katangar tsayi. Motar Ovide tana nan inda ya bar ta, domin mai tarakta ya ce sau ɗaya ake yi wa mutum irin wannan alheri a rayuwa. Da wata ya cika aka kaɗa ƙuri'a, mutum arba'in da ɗaya daga ƙasashe goma sha biyu suka ce katanga, mutum ɗaya ya ce tasha. Aka buɗe gaɓar. Zélica ta fara da goge matsematsinmu daga idon duniya. Jukka ya aiko da tambaya cikin ladabi: a sabon hoton sama yana ganin wani shuɗin abu a ƙarshen Tsohuwa, wane lakabi ya dace da shi? Ovide ya ce makaryar igiya, tunda igiya tana karyewa a jikinta. Muka sa tarkace.

"Ku dai ku faɗi gaskiya," ya ce yana ɗibar dankali, "ba don na kai ta wurin ba, da ta gani? Tsari ne. Injiniya ba ya bayyana tsarinsa tun farko."

Saura katanga. Zélica ta buɗe akwatin lakabin, ta ɗora hannu, sai ta fasa. Ta juya madannan zuwa taga.

"Baba, zo ka sa da kanka."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya taso ya zauna, ya goge hannu a wando. Da yatsa ɗaya ya yi, yatsan da ya fi maɓallin faɗi, yana neman kowane harafi kamar mai tsince tsakuwa a wake. Ya zaɓi katangar teku. A ƙasa akwai wurin ƙarin bayani, inda Ovide ya yi mana ta'asa. Zélica ta ce ba dole ne a cike shi ba. Ya ci gaba da dannawa. Minti goma ya ɗauka, ba wanda ya taɓa kwanon dankali.

Ya rubuta: "Philomène tana bayanta. Kada a taɓa."

Kafin mu tashi amsa ta zo daga Finland, layi ɗaya: "An gane. Zan riƙa dubawa."

Ovide ya matso ya leƙa ta kafaɗar Baba Anselme, ya gyara hula, ya buɗe baki. Na riga na ɗaga cokali. Amma ya karanta, ya sake karantawa, ya koma kujerarsa ya zauna. Tun da na goya shi, ranar ce ta farko da ya karanta abu har ƙarshe bai ce akwai gyara ba.